Koyar da Injiniyancin Manhaja a Jami'a: Da Me Ya Kamata Ɗalibi Ya Fita?



  Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan lacca, musamman da suka ga dacewar a yi ta da Hausa, domin iyayen da ke biyan kuɗin karatun nan su ma su ji abin da 'ya'yansu ke ciki.

An ɗora mini nauyin yin magana a kan koyo da koyar da ƙa'idojin injiniyancin manhaja a jami'a. Zan faɗi matsayata tun daga farko, don mai son ja da ni ya fara shirya tambayarsa. Muna koya wa ɗalibanmu rubuta manhajar kwamfuta, wasunsu ma sun iya ƙwarai da gaske. Amma muna koya musu ita a matsayin aikin mutum ɗaya, na mako biyu, wanda amfaninsa ke ƙarewa ranar da aka ba da maki. Manhajar da ke jiran su a waje kuwa ta mutane da yawa ce, tana shekara goma ana taɓa ta, kuma albashin wani, ko jarrabawar wani, ko lafiyar wani na rataye a wuyanta. Ratar da ke tsakanin waɗannan biyun ita ce fannin nan namu gaba ɗayansa, ita ce kuma muka fi sakaci da ita. Zan bi maganar a gaɓoɓi bakwai.

1. Me ya haifi wannan fanni?

A watan Oktoban 1968 kwamitin kimiyya na ƙungiyar NATO ya tara masana fiye da 50 daga ƙasashe 11 a garin Garmisch na ƙasar Jamus. Damuwa ce ta tara su. Kwamfutoci sun ƙara ƙarfi, buƙatun jama'a sun ƙaru, amma manyan ayyukan manhaja sai su zarce wa'adi, su cinye kuɗi fiye da abin da aka ware, in an gama kuma ga kurakurai cunkus. Kamfanin IBM da kansa ya ɗanɗana kuɗarsa a aikin OS/360, wanda ma'aikatansa suka haura dubu a lokacin da aikin ya kai ganiya.

Ku lura da abu ɗaya. Mutanen da suka zauna a Garmisch, irin su Edsger Dijkstra da Friedrich Bauer, su ne gwanayen rubuta manhaja na zamaninsu. Ba za a ce rashin iya harshen kwamfuta ne ya dame su ba. Abin da ya gagare su shi ne yadda za a haɗa aikin ɗaruruwan mutane ya zama abu guda, a san yana yin daidai, a kuma iya canja shi baɗi ba tare da ya rushe ba. To, in haka ne, me ya sa duk lokacin da aka ce ɗalibanmu ba su shirya wa aiki ba, maganin da muke kawowa shi ne ƙara musu wani harshe, bara Java, bana Python?

Ba a cika shekara ɗaya da taron ba, ranar 20 ga Yuli 1969, duniya ta ga amfanin aiki bisa ƙa'ida. Kumbon Apollo 11 na gab da sauka a kan wata, aiki ya yi wa kwamfutarsa yawa, ta fara ƙarar gargaɗi. Ƙungiyar da Margaret Hamilton ta jagoranta a MIT ta riga ta yi tunanin irin wannan rana. Manhajar ta ajiye ayyukan da za su iya jira, ta riƙe waɗanda saukar ta dogara da su, aka sauka lafiya. Tun kafin a tashi wani ya tambayi kansa: in abu ya lalace fa? Wannan tambayar nake so mu dasa a zuciyar ɗalibi.

2. Kafin a taɓa kwamfuta, a je a tambayi mai abin

Ƙa'ida ta farko ita ce sanin abin da ake buƙata. Kowane littafi yana da babi a kanta, kowane ɗalibi yana iya haddace rabe-raben buƙatu ya zuba a takardar jarrabawa. Amma a nan cikin zauren, ɗalibai nawa ne suka taɓa zama awa biyu kusa da ma'aikacin da zai yi amfani da manhajarsu, suna kallon hannunsa?

Bari in kawo abin da na gani da idona a wajen kare kundin digiri. Wani yaro haziƙi ya gina manhajar rajistar marasa lafiya. Launuka sun yi kyau, maɓallai suna aiki, ya shigar da sunayen gwaji guda uku duk suka zauna. Sai wata malama daga cikin masu jarrabawa ta ce, "Ɗana, sa mini sunan Sa'adatu." Ya rubuta, ya danna, allo ya cika da jan rubutu. Dalili kuwa shi ne, a harshen SQL da ake magana da rumbun bayanai, wannan 'yar alamar da ke tsakanin "Sa" da "adatu" ita ce ke nuna ƙarshen zance. Rumbun ya ɗauka sunan ya ƙare a "Sa", ragowar kuma umarni ne da bai gane ba. Ke nan duk Sa'adatu da Mas'udu da Ma'aruf da ke garin nan ba su da shiga wannan asibiti. Abin da ya fi haka muni, ta wannan ƙofa ce ɓarayin intanet ke shigowa: in alamar suna za ta iya zama umarni, to mugu zai iya rubuta umarninsa a gurbin suna ya kwashe bayanan asibitin kaf. Maganin sananne ne, kuma bai kai layi uku ba: a miƙa wa rumbun umarni daban, bayanai daban. Yaron ya ji wannan a aji. Bai taɓa cin karo da shi a aikace ba sai ranar.

Irin wannan na da yawa, kuma duk a ƙofar gidanmu suke. Fom ya dage sai an cika gurbin sunan dangi, alhali da yawa daga cikinmu sunan uba muke sawa ko sunan gari. Fom ya dage sai an sa ranar haihuwa, tsohuwa kuma abin da ta sani an haife ta da kaka, shi ya sa 1 ga Janairu ta yi yawa a takardunmu. An ɗauka kowace lambar waya ta mutum ɗaya ce, alhali gida guda na iya tarayya a waya ɗaya. Haruffanmu masu lanƙwasa suna cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990, amma har gobe za ka nemi Ɗanladi manhaja ta ce babu shi don an shigar da shi Danladi. Sai babbar cikinsu: me zai faru in sabis ya ɗauke ana tsakiyar tura kuɗi? Duk mai POS a bakin kasuwa ya san wannan tambaya, ya san fuskar mutumin da aka cire wa kuɗi ba su isa ba. Ɗalibinmu ya kamata ya fi shi saninta.

Kada a ɗauka ƙananan ayyuka kaɗai wannan ke kayarwa. A watan Satumban 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta tura ya zagaya duniyar Mars, saboda ɓangare ɗaya na aikin yana ba da lissafi da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren yana karɓa a matsayin ma'aunin newton. Kowa ya yi lissafinsa daidai, ba a dai tabbatar magana ɗaya ake yi ba.

Shawarata ga 'yan'uwana malamai ita ce, kada a amince da aikin ɗalibi sai ya kawo shaidar ya zauna da mai buƙata na gaske: ma'aikaciyar kati a asibitin makaranta, mai kula da ɗakin karatu, ko magatakardan wani dila a kasuwar Kantin Kwari da ke rubuta bashi a littafi. Ya saurare su da harshen da suke magana, ya dawo ya rubuta, ya koma ya karanta musu su ce e ko a'a.

3. A ba ɗalibi tsohon aiki ya gada

Nan ne zan fi daɗewa, don nan ne zuciyar maganata.

Ku shiga ɗakin ajiyar kundaye na kowane sashen kwamfuta a ƙasar nan. Za ku tarar da manhajar rajistar ɗalibai an ƙirƙire ta bara, an ƙirƙire ta bara waccan, an sake ƙirƙirar ta bana. Haka ta ɗakin karatu, haka ta biyan albashi. Kowane ɗalibi daga tushe yake farawa, ya kai inda na baya ya kai, ya tsaya. Ko ɗaya ba a taɓa ɗora ta a ofis an yi wata guda ana aiki da ita ba. Ranar da wannan ɗalibi ya sami aiki a banki ko a wata hukuma, ba za a ba shi farar takarda ba. Za a zaunar da shi gaban rubutu mai layi dubu ɗari, wanda masu rubuta shi sun bar wurin tuni, a ce masa, "Ga ƙorafin da aka kawo, gyara, kada kuma ka ɓata sauran." Yaushe muka taɓa ba shi irin wannan aiki a shekara huɗun da ya yi a hannunmu?

Manhaja kamar ginin ƙasa take. Ranar da magini ya sauko daga soro ba ita ce ranar gamawa ba. Kowace damina sai ta zaftare wani wuri, kowace kaka sai an koma da yaɓe, kuma sau da yawa mai yaɓen ba shi ya yi ginin ba. Dokar haraji za ta canja, sabuwar waya za ta fito, masu amfani za su ƙaru daga ɗari zuwa dubu goma. Masu fannin sun daɗe da yin ittifaƙi cewa abin da ake kashewa wajen riƙon manhaja bayan an fara aiki da ita ya fi abin da aka kashe wajen gina ta.

Sai wanda ya sha wannan wahala ne zai gane hikimar ƙa'idojin da muke karanta musu. A 1972 David Parnas ya yi wata maƙala kan yadda za a rarraba manhaja gida-gida. Ya ce a duba abubuwan da ake jin za su canja nan gaba, a killace kowanne a sashensa, ta yadda sauran sassan ba su san cikinsa ba sai ƙofar da ya bari. In ka faɗa wa ɗalibin aji biyu wannan, zai rubuta ya haddace. Amma ka ba shi manhajar da aka warwatsa lissafin kuɗin makaranta a wurare goma sha biyu a cikinta, ka ce an ƙara kuɗi, ya gyara. Zai gyara goma sha ɗaya ya manta ɗaya, rasit ya fito da kuɗi biyu mabambanta. Daga ranar ba sai ka sake yi masa wa'azin Parnas ba. Gani ya kori ji.

Gadon aiki kuma yana da nasa haɗarin, shi ma sai an koya. Ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Ariane 5 ta ƙasashen Turai ta tashi a karon farko daga Kourou, cikin daƙiƙa 40 ko kusa da haka ta tarwatse da taurarin ɗan'adam huɗu da ta ɗauko. Kwamitin bincike, ƙarƙashin Jacques-Louis Lions, ya gano an ɗauko wani sashen manhaja daga Ariane 4, inda ya yi shekaru yana aiki lafiya. A cikinsa akwai wurin da ake zuba wata lamba a mazubin da ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. A tsohuwar roka lambar ba ta taɓa kai wa nan ba. Sabuwar ta fi ta gudu, lambar ta cika ta tumbatsa, na'urar da ke ɗauke da manhajar ta tsaya. Na'urar ko-ta-kwana fa? Manhaja iri ɗaya ce a cikinta, ita ma ta riga ta faɗi. Kuma wannan sashe ba shi da wani aiki bayan roka ta bar ƙasa. Waɗanda suka rubuta na farko sun yi zato mai hujja a zamaninsu, waɗanda suka gada ba su sake auna zaton da sabon yanayi ba.

Don haka ga abin da nake roƙon sassanmu. Kowane sashe ya riƙe manhajoji biyu ko uku masu rai, waɗanda ake amfani da su da gaske a cikin jami'a, ko da tsara jadawalin ɗakunan lacca ne ko rabon ɗakunan kwana. 'Yan aji biyu su fara da karanta su da gyara ƙananan kurakurai. 'Yan aji uku su ƙara sababbin sassa. 'Yan ajin ƙarshe su ja ragama, su duba aikin ƙannensu, su rubuta bayanin miƙa aiki kafin su tafi. A yarda kuma cewa ɗalibin da ya ɗauki tsohuwar manhaja mai tangal-tangal ya daidaita ta, ya rubuta mata gwaje-gwaje, ya cancanci maki daidai da wanda ya ƙirƙiro sabuwa, ko ma fiye.

4. Aikin taro, da yadda za a san wa ya yi me

Kowa a nan ya san yadda aikin rukuni ke tafiya. A haɗa mutum bakwai, ɗaya ya yi aikin, biyu su biya kuɗin buga takarda, sauran su bayyana ranar gabatarwa. Sau da yawa kuma 'yan matan rukunin akan ce su rubuta rahoto, maza su riƙe kwamfuta. Wannan zalunci ne, ko da ba a yi shi da nufi ba, don yarinyar za ta fita da digirin da ba a bar ta ta taɓa asalin aikinsa ba.

Fred Brooks, wanda ya shugabanci aikin OS/360, ya bayyana a littafinsa na 1975 cewa ƙara ma'aikata a aikin manhaja da ya makara ƙara masa makara yake yi. Lissafin mai sauƙi ne. Mutum 5 hanyoyin magana 10 ne a tsakaninsu. Mutum 10, hanyoyi 45. Mutum 20, hanyoyi 190. Ga kuma lokacin da tsofaffi za su ɓata suna koya wa sababbi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, amma sai masu ɗaukar sun san inda kowa zai kama.

Kayan aikin da zai warware mana rabin matsalar kyauta ne. Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, yana ajiye tarihin kowane canji: wa ya yi, yaushe, me ya taɓa. Yana aiki a kwamfutar ɗalibi ko babu intanet. Malamin da ya buɗe wannan tarihi zai ga wanda ya yi mako goma yana aiki kaɗan-kaɗan, ya ga wanda ya zubo komai daren ƙarshe. A koyar da shi tun zangon farko na aji ɗaya.

Akwai wani abu da ya shafi tarbiyyarmu, ina so in taɓa shi da ladabi. An rene mu da kunya da girmama na gaba, kuma abin alfahari ne. Amma a wannan sana'a ba a shigar da rubutun kowa sai wani ya duba, kuma dole ƙarami ya iya ce wa babba, "Yaya, a layi na arba'in ina ganin akwai matsala, ga dalilina." Wannan ba rashin kunya ba ne. Sai mun koya musu lafazin da za su faɗa, mu kuma malamai mu fara miƙa namu rubutun su duba a gaban aji, su ga an karɓi gyara da godiya.

5. Gwaji, da ranar ɗora aiki

Dijkstra ya ja hankali tun tuni cewa gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya tabbatar da babu. Duk da haka shi ne garkuwar da muke da ita kullum. Ɗalibanmu suna gwada aikinsu da abin da suka san zai yi aiki. A juya musu al'amarin: rukuni ya miƙa manhajarsa ga wani rukuni, a ba da maki ga wanda ya karya ta, a ƙara maki ga wanda ya rubuta gwajin da zai hana kuskuren dawowa.

Abin da ba ma koyarwa sam shi ne yadda ake ɗora sabon gyara a kan manhajar da jama'a ke amfani da ita. Ranar 1 ga Agusta 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya ɗora sabon rubutu a kan manyan kwamfutocinsa takwas. Bakwai suka samu, aka tsallake ɗaya, ba kuma wanda ya bi baya ya duba. Cikin minti 45 ko kusa da haka kamfanin ya yi asarar fiye da dala miliyan 400. Za ku ce wannan can ne. To, a watan Mayun 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa an sami tangarɗa a jarrabawar shiga jami'a, saboda wani gyara da bai zauna daidai ba a kan wasu kwamfutocin da ke kula da cibiyoyi. Hukumar ta ce abin ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, har sai da aka sake shirya jarrabawa. Na yaba masa da ya fito ya faɗa, domin da irin wannan bayani ake gyara. Amma ku dubi kamar da ke tsakanin labaran biyu, shekara 13 tsakani. Jerin matakai a rubuce, mutum na biyu mai tabbatarwa, fara ɗorawa a wuri kaɗan kafin a game ko'ina, da hanyar komawa baya in abu ya ƙi: darasin mako biyu ne. Me ya hana mu koyar da shi?

6. Amana

Tsakanin 1985 da 1987, wata na'urar gasa cutar daji mai suna Therac-25 ta zuba wa marasa lafiya shida, a Amurka da Kanada, haske mai ƙarfin da ya ninka ƙa'ida sau da yawa. Wasunsu sun mutu. Na'urorin da suka gabace ta suna da makullan ƙarfe da ke hana irin wannan, a sabuwar aka cire su aka dogara da manhaja. A asibitin garin Tyler na jihar Texas an gano cewa in ma'aikaciya ta yi saurin gyara abin da ta shigar cikin kamar daƙiƙa takwas, na'urar kan rikice, allo ya nuna wata lambar kuskure da ba ta bayyana komai ba. Majiyyaci yana cewa an ƙone shi, masu na'ura suna cewa ba zai yiwu ba. Binciken Nancy Leveson da Clark Turner na 1993 a kan wannan lamari ya kamata kowane ɗalibinmu ya karanta shi kafin ya fita.

A Birtaniya kuma, daga 1999 zuwa 2015, an gurfanar da masu riƙe da ƙananan gidajen waya fiye da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi, saboda manhajar Horizon tana nuna giɓin kuɗi a asusunsu. An ɗaure wasu, wasu sun talauce, wasu sun mutu da baƙin cikin. Sai a 2019 kotu ta tabbatar manhajar na da kurakuran da ke iya haifar da giɓin, a 2024 majalisa ta yi dokar wanke su. Akwai injiniyoyin da suka san da kurakuran tun ana shari'o'in.

Ya ku ɗalibai, wata rana ɗayanku zai zauna a irin wannan kujera. Shugabanka zai ce a saki aikin gobe, kai kuma ka san bai nuna ba. Ko a ce kwamfuta ta nuna wane ya ci kuɗi, kai kuma ka san tana iya yin kuskure. Ko ka ga bayanan asibitin maƙwabcinka a gabanka. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 tana nan, ƙa'idojin ɗa'a da ƙungiyoyin ACM da IEEE suka amince da su a 1999 suna nan. Amma kafin su duka, ku 'ya'yan gidajen da aka san nauyin amana ne. Kada a ware wannan darasi a kwas guda na ƙarshen shekara. A saka shi cikin kowane aiki, a riƙa tambayar ɗalibi: in wannan ya yi kuskure, wa zai cutu, kuma ta yaya zai kai kukansa?

7. "Malam, da wane kayan aiki?"

Na san abin da ke ran abokan aikina: wuta ba ta tsayawa, aji ɗaya ɗalibi ɗari biyu, malami ɗaya kwas biyar. Gaskiya ne, kuma hakkin hukuma ne ta gyara. Sai dai yawancin abin da na lissafa ba ya cin kuɗi. Zuwa wajen mai buƙata ƙafa yake so. Duba rubutun juna ana yin sa ko a takarda. Manyan ɗalibai in an tsara su suna rage wa malami nauyi. Sabon tsarin karatu na CCMAS da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar a Disamban 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cika da abin da ya dace da ita, ga gurbin da za mu sa waɗannan. Watannin koyon aiki na SIWES kuma a daina barin yara suna zaman kashe wando a ofisoshin da ba a rubuta ko layi ɗaya. Baƙinmu na kamfanoni, a nan muke neman hannunku.

Saura batun ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT, da ke rubuta manhaja cikin ƙiftawar ido. Wasu malamai na son a haramta, ni ban goyi baya ba, don ɗalibi zai tarar da ita a wurin aiki. Abin da ta sauƙaƙa shi ne zuba rubutu. Sanin abin da ya kamata a gina, karanta rubutun da ba kai ka yi ba, gwada shi, da ɗaukar alhakinsa, duk suna nan a wuyan mutum, sun ma ƙara nauyi. A bar ɗalibi ya yi amfani da ita, ya faɗi inda ya yi, sannan a zaunar da shi minti goma a nuna layi a ce ya yi bayani, a canja buƙata ɗaya a ce ya gyara a gabanmu.

Ranka ya daɗe shugaban zama, na ga lokacin da aka ba ni ya cika.   Yanzu fili naku ne. Ina maraba da tambaya ko gyara, kuma zan so a fara ba ɗalibai dama, musamman 'yan ajin ƙarshe da ke kan aikin kundinsu.